Filta ta Biyu: Kariyar da Ke Neman Mai Kula da Ita

Wanda ya saba leƙa cikin bonet ɗin motocin a-kori-kura masu shan dizal, musamman masu cin dogon zango a hanyoyin karkara, zai sha ganin wani gwangwani a ɗaure a gefen inji. Tiyo ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita, a gindinsa kuma akwai ɗan kwano garau da ake hango mai a cikinsa. Ba da shi motar ta fito daga masana'anta ba. Mai ita ne ya saya, bakanike ya ɗaura, domin ya tallafa wa filtar da kamfani ya sa tun asali. Ana kiranta ƙarin filta, ko filta ta biyu.

Kan kanikawa ya rabu a kanta. Akwai wanda ba zai bari sabuwar Hilux ta fita daga garejinsa ba sai ya ba da shawarar a sa ta, domin ya gaji da kwance injektocin da datti ya cinye. Akwai kuma wanda idan aka kawo masa mota tana shaƙewa, abin da zai fara yi shi ne ya cire ta ya ajiye gefe, sau da yawa kuma motar takan warware nan take. Kowannensu abin da idonsa ya gani yake faɗa. Abin da ya raba su shi ne irin filtar da aka zaɓa, da wurin da aka ɗaura ta, da kuma ko akwai mai waiwayarta bayan an ɗaura. Ƙarin filta tana kare inji ne gwargwadon kulawar da ake ba ta. Wadda aka sa aka manta da ita takan rikiɗe ta zama sabuwar cuta a jikin motar.

Inji ya sauya hali

Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Tun daga 1897, lokacin da injin Rudolf Diesel na farko ya yi aiki yadda ake so a birnin Augsburg na Jamus, babban ƙalubale shi ne yadda za a cusa mai cikin iskar da aka riga aka matse, a kuma farfasa shi ya zama feshi mai laushi. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai domin kasuwa, kuma kusan shekara 70 irin wannan famfo mai aiki da ƙarfe zalla shi ya riƙe duniyar dizal. Injin 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990, wanda har yau ake ji da shi a Land Cruiser a-kori-kura daga Agadas zuwa Njamena, ɗan wannan gida ne. Injektarsa tana buɗewa da matsi na wajen bar 150. Inji ne mai haƙuri: ya sha man duro, ya sha na jarka, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kai mutum gida.

Dokokin rage hayaƙi na Turai da Japan su suka kawo ƙarshen wannan haƙuri. A 1995 kamfanin Denso ya sa wani sabon tsari a manyan motocin Hino, a 1997 kuma Fiat da Bosch suka sa irinsa a ƙaramar mota Alfa Romeo 156. A wannan tsari, wanda kanikawa ke kira kwaman rel, famfo ɗaya ne ke tara mai a cikin bututun ƙarfe guda mai tsananin matsi, kwamfuta kuma tana buɗe kowace injekta sau da yawa a bugu ɗaya. Shi ne abin da Toyota ke rubuta wa D-4D a jikin motocinta. Injin 1GD mai lita 2.8 da ya shigo Hilux a 2015 yana kai matsin mai bar 2,200. Iskar tayar mota ba ta cika wuce bar 3 ba. Bar 2,200 kuwa daidai yake da a ɗora nauyin tan 2 da ɗoriya a kan wurin da bai fi farcen ƙaramin yatsa ba.

Kafin ƙarfe ya riƙe irin wannan matsi ba tare da yoyo ba, dole tazarar da ke tsakanin sassansa masu motsi ta ƙanƙance ƙwarai. Ana auna ta da maikron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikron 70 ne, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza maikron 40. Tazarar cikin injektar zamani ba ta wuce 'yan maikron ƙalilan ba. Ke nan dattin da ke kashe ta ido bai taɓa ganinsa ba. Man da aka ɗaga a kwalba aka ga garau yake yana iya ɗauke da abin da zai goge bakin injekta kamar yadda yashi ke goge tukunya.

A Najeriya, inda tallafi ya daɗe yana sa fetur ya fi araha kafin a janye shi a 2023, Hilux ɗin ofisoshi da dama masu fetur ne. Masu dizal an fi ganinsu a Nijar da Chadi da Kamaru, da kuma hannun 'yan kwangila, manyan manoma da ƙungiyoyin agaji. Waɗannan kuwa su ne motocin da ke zuwa inda gidan mai ya yi nisa.

Daga matata zuwa tanki

Akwai ma'aunin tsabtar mai na duniya da ake kira ISO 4406, wanda ke ƙirga ƙwayoyin datti a cikin mililita ɗaya. Ƙungiyoyin masu ƙera motoci sun nemi man da za a zuba a tanki kada ya wuce matakin 18/16/13. Lambar farko, 18, tana nufin ƙwayoyi 1,300 zuwa 2,500 masu girman maikron 4 ko fiye a kowace mililita. Tankin Hilux lita 80 yake ci. Idan aka lissafa, man da ya cika sharaɗi ma yana iya shigo da ƙwaya miliyan 200 a cikawa ɗaya. Kowane mataki ɗaya da aka ƙara a ma'aunin ninki biyu ne, saboda haka man da ya kai mataki na 22 ya ninka wancan sau 16. Filtar kamfani an ƙera ta ne da tunanin man farko. Idan ta riƙa haɗuwa da na biyu, tana cika tun kafin lokacin da littafin mota ya ɗibar mata.

Yawancin wannan datti a hanya yake shiga. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da dizal a Janairun 2024, matatar SORAZ kuma tana aiki a Damagaram tun 2011, amma ko da mai ya fito fes daga matata, tafiya ce mai tsawo a gabansa. Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne a cikin tanka. Daga tanka ya shiga rijiyar gidan mai da ke binne a ƙasa, wadda wataƙila an yi shekaru ba a wanke ta ba. Daga nan wani ya ɗiba a duro ya kai gona ko wurin aikin hanya, wani ya ɗiba a jarkar da ta taɓa ɗaukar ruwa ko manja, 'yan bumburutu kuma su rarraba a galan a bakin titi. Direban da zai tsallaka daga Agadas zuwa Dirku ba shi da zaɓi sai ya ɗauki gazuwal ɗinsa a duro. Kowace juyawa daga mazubi zuwa mazubi ƙofa ce: tsatsar ƙarfe, ɓawon fenti, zaren tsumman da aka tace da shi, da ƙurar hunturu mai laushi kamar toka, wadda ke bi ta mazurari da numfashin tanki.

Ruwa ya fi ƙura ɓarna

Dizal shi ne man shafawar famfo da injekta. Babu wani mai da ke kai wa cikinsu sai shi, shi ke raba ƙarfe da ƙarfe. Ruwa ba shi da wannan santsi. Idan ya ratsa, sassan sukan goga juna tsirara, idan motar ta kwana kuma tsatsa ta kama su daga ciki. Ɗigon da ya isa bakin injekta mai zafi yana iya zama tururi nan take ya tsaga ta. Ƙa'idar dizal ta Turai, EN 590, ta iyakance ruwa a miligiram 200 cikin kowane kilo na mai, wato kimanin cokali ɗaya na cin abinci a tanki mai lita 80. Rijiyar gidan mai da ruwan damina ya samu kafar shiga tana iya ba mutum ninkin wannan sau da yawa a sayayya ɗaya.

Ko ba a sayo ruwa ba, tanki yana haifar da nasa. Injin kwaman rel yana mayar da ragowar mai mai zafi cikin tanki, iskar da ke saman man ta ɗumama, da dare kuma ta huce ta zubar da raɓa a bangon ƙarfe. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya gangara ya kwanta a ƙasa, daidai inda bututun zuƙo mai yake. A iyakar da ruwa da mai suka haɗu kuma ƙwayoyin cuta da gansakuka ke samun wurin zama: suna rayuwa a ruwan, suna cin man, suna barin wani baƙin yauƙi da ke toshe filta cikin kwanaki kaɗan.

Filta mai raba ruwa tana aiki ne da wannan bambancin nauyi. Takardarta tana tara ƙananan ɗigo su haɗu su yi girma, su faɗa cikin kwanon da ke ƙasa. Motoci da yawa suna da irin wannan tun daga kamfani, har da fitilar gargaɗi a gaban direba, sai dai ma'ajin ruwansu ƙarami ne kuma ba a ganin cikinsa. Babban amfanin kwanon ƙarin filta shi ne yana nuna wa ido abin da gidan mai ya sayar, tun kafin inji ya faɗa da bakinsa.

Gaba ko baya

Wuri biyu ake iya sa ta. Na farko shi ne tsakanin tanki da filtar kamfani. Wadda ake sawa a nan mai faɗin ido ce, maikron 10 zuwa 30, tare da kwanon ruwa. Aikinta ta kwashe ruwa da babban datti, ta bar wa ta kamfani mai laushin. Na biyu shi ne tsakanin filtar kamfani da famfo, inda ake sa mai matsattsen ido, maikron 2 zuwa 5, domin ta kama abin da ya kuɓuce. A Ostireliya, inda masu Hilux da Land Cruiser ke ratsa daji mai nisa suna shan man da suka samu, an daɗe ana muhawara a kan wanne ya fi, kuma kamfanoni irin su Racor, Donaldson, Fleetguard da Mann suna ƙera iri biyun.

Ga wanda matsalarsa man duro ne da ruwan damina, ta gaba ta fi dacewa. Duk matar da ta taɓa tankaɗe ta san ƙa'idar: da rariya mai faɗin ido ake farawa, a ƙare da mai laushi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo filta mai maikron 2, saboda an ji ƙaramar lamba ta fi kyau, a ɗaura ta a gaba. Sai ta ɗauki dukan kayan ita kaɗai, ta toshe cikin 'yan makonni, ta kamfani kuma tana zaune ba aikin yi. Akwai dalili na biyu na sa mai raba ruwa a gaba: ruwan da ya riga ya bi ta cikin famfo yakan farfashe ya gauraye da mai kamar kindirmon da aka burga, rabuwarsa kuma ta yi wuya.

Lambar maikron da ke jikin kwali ita ma tana buƙatar tambaya. Filta biyu suna iya ɗaukar lamba 10, ɗaya tana kama rabin ƙwayoyin wannan girma, ɗayar tana kama kusan dukansu. Masana'antun kirki suna bayyana ingancin da wani ma'auni mai suna beta: idan ƙwaya 75 suka shiga ɗaya ta fita, beta 75 ke nan, wato kashi 98.7 cikin 100. Kwalin da ya faɗi maikron bai faɗi kashi nawa yake kamawa ba, rabin labari ya bayar. Sannan akwai yawan man da filtar ke iya wucewa da shi a awa. Inji yana zuƙo mai fiye da wanda yake ƙonawa, domin ragowar na sanyaya famfo ya koma tanki. Filtar ƙaramin janareta ba za ta ɗauki wannan ba, ko da zarenta ya hau daidai.

Inda ɗaurawa ke ɓaci

A motocin dizal da yawa, har da Hilux masu injin 1KD da 2KD, babu famfon lantarki a cikin tanki. Famfon inji ne ke zuƙo mai tun daga baya, kamar mai shan kunu da tsinken roba. Wannan yana haifar da abu biyu da kowane mai mota ya kamata ya sani. Na farko, duk abin da aka ƙara a hanyar nauyi ne a kan zuƙar. Tiyon da ya fi na asali ƙanƙanta, lanƙwasa mai tsanani, ko filtar da ta fara toshewa, duk suna sa famfo ya ja da ƙyar, har kumfa ta riƙa tasowa a cikin man tana fashewa a jikin ƙarfe tana ɓantararsa. Na biyu, idan mahaɗa ba ta ɗauru ba, mai ba ya ɗiga waje, iska ce ke shiga ciki. Babu tabo a ƙasa, babu wari, sai dai motar ta riƙa wahalar tashi da safe, ko ta mutu a tsakiyar tudu. An sha sauya batir da sitata, har da injekta, a kan laifin kilif ɗaya da ba a matse ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Saboda haka aikin yana son natsuwa. A zaɓi wuri nesa da salansa da turbo, domin kwanon roba ba ya jure zafi, mai kuma idan ya zubo kan ƙarfe mai zafi gobara ce. A ɗaure ta a tsaye a kan ƙarfe mai kauri, domin hanyar burji tana karya abin da aka rataya da waya. A yi amfani da tiyon da aka yi domin dizal, mai faɗin ciki daidai da na asali, a bi kibiyar shiga da ta fita da ke kan filtar. A bar sarari a ƙasa wanda hannu da kwalba za su shiga, domin filtar da sai an kwance batir kafin a kai ga makunnin zubar da ruwanta, babu mai zubarwa. A toshe bakin kowane tiyo da aka cire, kada a yi aikin a fili ana iska da ƙura. Idan motar tana da famfo a tanki, hanyar tana da matsi ke nan, sai a tabbatar filtar an yi ta ne domin haka. Idan kuma motar tana cikin garantin kamfani, a tambayi dillali kafin a taɓa hanyar mai.

Bayan an gama, da famfon hannu da ke kan filtar kamfani ake fitar da iska, a danna har ya yi tauri. Tsohuwar dabarar sassauta bututun injekta ana murza inji ta zamanin 1HZ ce. A kwaman rel, man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga tsoka, raunin kuma na tiyata ne.

Aikin da ke farawa bayan ɗaurawa

Direban kirki yana duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya. Kwanon filta na uku ne a wannan jeri. Idan an ga layi ya raba ruwa a ƙasa da mai a sama, a kashe inji, a tara kwalba garau, a sassauta makunnin ƙasa har sai zallan mai ya fara fita, a rufe, a danna famfon hannu. Ana ƙara yin haka bayan kowace sha daga duro, da kuma duk tsawon damina. Kwanon da ya cika ya kai ga takarda ya daina raba komai: ruwan da aka tara na mako uku yana iya wucewa gaba ɗaya a rami ɗaya da mota ta faɗa.

Ita takardar ciki tana da wa'adi, wa'adin kuma ya danganta da man da ta sha fiye da kilomitar da ta yi. Alamar toshewa takan fara ne inda inji ke neman mai da yawa: mota ta yi sanyi a hawan tudu ko da kaya, ta ƙi amsa totur wajen wuce wata, wani lokaci kwamfuta ta rage mata ƙarfi da gangan ta kunna fitila. Wanda ke son tabbaci yana iya sa ɗan agogon auna zuƙa a bayan filtar, allurarsa za ta nuna toshewa kafin direba ya ji a ƙafarsa. Kuma samun ta biyu bai ɗage wa'adin ta kamfani ba. Ita ce ƙofar ƙarshe kafin famfo, a sauya ta yadda littafi ya ce.

Halaye uku na gareji sun cancanci a yi musu tsaye. Na farko shi ne wanke tsohuwar filta da fetur a hura mata iska a mayar. «Oga, ai da sauranta,» in ji yaron gareji, kuma da kyakkyawar niyya yake faɗa. Amma iskar kwamfiresa tana yaga ƙofofin takardar da ido ba ya gani, filtar ta koma gwangwani kawai. Na biyu shi ne cika sabuwar filta da mai daga galan kafin a ɗaura, domin mota ta tashi da wuri. Man da aka zuba ta ramin tsakiya ya tsallake takardar, kai tsaye famfo zai tafi da dattinsa. Na uku shi ne mayar da tsohon zoben roba. Sabuwar filta tana zuwa da nata, a shafa masa ɗan tsabtataccen dizal, a ɗaure da hannu ba da sufana ba. A kasuwar kayan gyara kuma akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya, bambancin yana cikin takardar. Araha ba ta ado a nan, domin jabun filta tana ba da kwanciyar hankalin da babu komai a bayansa.

Tsohuwar filta kafin a jefar da ita tana da labari. Idan aka yanka ta aka buɗe takardar, ja-ja tsatsa ce daga duro ko rijiyar gidan mai, baƙin yauƙi alamar ruwa ya daɗe a tanki, sai an sauke shi an wanke. Idan kuwa aka ga ƙyalli kamar garin azurfa, famfo ne ya fara cin kansa, garin ƙarfen ya biyo hanyar komawa tanki. Wannan mota a tsayar da ita a ranar. Amurka ta ga irin wannan da yawa: a 2021 an janye a-kori-kura samfurin Ram fiye da 200,000, ƙirar 2019 da 2020, domin a sauya musu famfo, saboda idan ya lalace yakan watsa garin ƙarfe cikin hanyar mai gaba ɗaya, tun daga injekta har tanki.

Sauran kulawar a wajen mota take. Kada a sha mai a gidan da tanka ke saukewa a lokacin, domin ta tayar da abin da ya kwanta a ƙasan rijiya. A cika tanki da yamma domin a rage wa raɓa wuri. Duron da aka kawo a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kada tiyo ya taɓa gindinsa, a kuma jingine shi yadda ruwan sama ba zai taru a bakin murfi ba. A guji ajiye dizal a mazubin da aka shafe da tutiya, domin yana narkar da ita ta je ta daskare a injekta. Mai doguwar tafiya kuma ya riƙe takardar filta biyu a mota, da sanin yadda ake sauyawa a bakin hanya.

Abin da ya fi ƙarfinta

Filta tana kama abin da ke yawo a cikin mai ne. Abin da ya narke a cikinsa wucewa yake yi. Kananzir ɗin da aka gauraya domin riba ba shi da santsin dizal, yana busar da famfo, kuma babu takardar da za ta tare shi. Haka fetur da aka zuba bisa kuskure, haka man da aka dafa a haramtattun matatun Neja Delta ba tare da awo ba. Haka kuma sinadarin sulfa, wato farar wuta. A Satumbar 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton binciken man da aka saya a ƙasashen Afirka 8, inda aka samu dizal mai sulfa har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A Disambar shekarar Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su daina shigo da irin wannan mai, Najeriya kuma ta ce za ta sauko daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Sulfa yana tsamar da baƙin mai, yana toshe na'urorin tace hayaƙi, yana shiga huhun mutanen da ke bakin titi. Maganinsa na hukuma ne da ɗakin gwaji. Mai mota ba zai iya ɗaura shi a bonet ba.

Wannan iyaka tana da muhimmanci ga waɗanda ke sa hannu a kasafin motoci a ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyi. Akan ware miliyoyi a sayi mota, a ware wasu a ɗaura mata ƙarin filta, amma babu layi a kasafi domin takardar da za a riƙa sauyawa, babu kuma wanda aka koya wa zubar da ruwa. Ranar da motar ta tsaya da maganin rigakafi a bayanta, ko da ma'aikata a hanyar da ba a son magariba ta riski mutum, direba ake fara kira: «Malam, wane irin mai ka zuba mata?» Sau da yawa ba shi da amsa, domin babu abin da aka rubuta.

Ƙaramin littafi a aljihun mota yana rufe wannan kafa. Kwanan wata, kilomita, inda aka sha mai, lita nawa, da abin da aka gani a kwano washegari. Bayan wata uku shafukan za su nuna gidan man da ruwansa ya fi yawa, da duron da ya kamata a yar, da tazarar da takardar filta ke yi kafin ta toshe a irin hanyoyin da motar ke bi. Da wannan ake tsara sayen kayan gyara, da shi ake sauya wurin shan mai, da shi kuma direba zai kare kansa idan aka zo bincike.